Daga Littafin Akawu zuwa SQL: Tarihin Rajista a Kuseri da Garwa

A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a bakin Kuseri, inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari, tsakanin dakarun Rabe Fadlallah da rundunonin Faransa uku da suka taru daga Aljeriya, daga yamma ta Damagaram, da kuma daga Kwango. Rabe ya mutu a ranar, kwamandan Faransawa Lamy shi ma bai kwana ba. Bayan 'yan makonni wani jagoran Faransawa, Émile Gentil, ya kafa bariki a tsallaken ruwa ya sa masa suna Fort-Lamy, wanda a 1973 ya koma Njamena. Ita kuwa Kuseri, bisa rabon da Turawa suka yi tsakaninsu tun kafin yaƙin, hannun Jamus ta faɗa. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 Faransawa suka ƙwace ta, Garwa ta faɗi a Yunin 1915, Mora ta miƙa wuya a Fabrairun 1916, daga nan takardun hukuma suka koma kiran Kuseri da sunan Fort-Foureau. Kowane mai mulki ya zo da littafinsa da akawunsa da tambayar da yake so littafin ya amsa masa. Abin da wannan rubutu zai kafa hujja a kai shi ne, manyan darussan SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, waɗanda ake ganin sun fi ƙarfin ɗan sakandare, amsoshi ne ga matsalolin da akawun wannan yanki ya shafe fiye da shekara ɗari yana fama da su. Don haka ɗalibin Kuseri ko na Garwa ya cancanci a kai shi har cikinsu, kada a tsayar da shi a bakin ƙofa.

Rubutun mulki bai fara da zuwan Bature ba a ƙasar tafkin Chadi. Sarakunan Barno sun daɗe suna bai wa gidajen malamai takardar mahram, wadda ke yafe musu haraji da aikin sarki, kuma lamiɓen Fombina, tun daga lokacin da Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suna da magatakarda da alƙalai masu rubutu da Larabci. Sai dai irin wannan takarda ta mutum ɗaya ce ko gida ɗaya. Mai ita yana adana ta, ya fito da ita ranar da aka taɓa shi. Sabon abin da mulkin mallaka ya yawaita shi ne jeri: kowane magidanci layi guda, da gurbin suna, gurbin ƙauye, gurbin mata da baligai, gurbin shanu. Jami'i kan fita rangadi ya ƙirga kawuna saboda harajin kai da jangali da neman ma'aikatan tilas, kuɗin kuma ya bi ta hannun bulama ko jauro zuwa lawan, daga lawan zuwa sultan ko lamiɗo. Littafin da aka tsara ƙauye bayan ƙauye yana amsa tambaya guda ba wahala: nawa ake bin wannan ƙauyen? Amma in aka ce ya faɗi yara nawa ne suka isa shiga makaranta a duk ƙasar Kotoko, sai akawu ya bi shafi-shafi yana ƙirgawa da hannu, wannan ma in an rubuta yaran. Yadda aka jera littafin shi ne iyakar abin da za a iya tambayarsa. Tun da talaka ya san abin da ake nema da ƙirgen, ɓoye ɗa da ɓoye saniya ya zama dabarar zaman duniya. Kuma wanda ke kusa da alƙalami da waya shi ya ci ribar tsarin: Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa da aka haifa a 1924, daga aikin tangarahu a ma'aikatar gidan waya ya taso har ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982.

Kwamfuta ma daga aikin ƙirgen mutane ta samo wani reshe na asalinta. Herman Hollerith ya ƙera na'urar kati mai huji domin ƙidayar Amurka ta 1890, kamfaninsa yana cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM, sunan da aka ɗauka a 1924. Rumbunan bayanai na farko, irin IMS da IBM ta fitar a ƙarshen shekarun 1960, sun gaji halin littafin akawu: ana jera bayanai daga uwa zuwa 'ya'ya, mai tambaya kuma dole ya bi hanyar da mai ginin ya shata. A 1970 Edgar Codd, masanin lissafi a IBM, ya kawo shawarar da ta sauya al'amarin. Ya ce a zuba kowane irin bayani a jadawali nasa, mutane daban, garuruwa daban, biyan kuɗi daban, a bar alaƙarsu ta fito daga ƙimomin da suka yi tarayya a kai. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka tsara harshen da suka kira SEQUEL, wanda ya koma SQL. Kamfanin da yanzu ake kira Oracle ya fara sayar da shi a 1979, aka yi masa ƙa'idar bai ɗaya a Amurka a 1986, ta duniya a 1987. Ribar da aka samu ita ce, mai tambaya yana faɗin abin da yake so ne, na'ura ta nemo hanyar kawo shi. Ke nan a karon farko littafi zai amsa tambayar da wanda ya rubuta shi bai taɓa tunanin za a yi ba. Wanda aka koya masa jero abin da ke cikin jadawali ɗaya kaɗai bai ɗanɗani wannan riba ba tukuna, aikin akawun 1930 yake yi, sauri kawai ya fi shi.

Darasi na farko mai nauyi shi ne mabuɗi, wato alamar da ke bambanta layi ɗaya daga duk sauran. A arewacin Kamaru suna ba ya iya wannan aiki. Mutum guda akawun Kuseri zai rubuta shi Mahamat, na Garwa ya rubuta Mohamadou, ɗan'uwansa da ke Gamboru a Nijeriya ya san shi da Muhammadu, alhali a unguwa ɗaya ana iya samun mutum goma masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Wuri ma haka. Dattijon da aka haifa a Kuseri zamanin Faransa takardarsa na cewa Fort-Foureau. Wanda aka haifa a Marwa kafin 1983 ɗan lardin Arewa ne a rubuce, domin a shekarar ne aka raba lardin uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, a 2008 kuma lardunan suka koma yankuna. Maganin da ilimin rumbun bayanai ya bayar shi ne a ba kowane gari lamba da ba ta canzawa, a ajiye sunayensa na dā da na yanzu a jadawali guda tare da shekarun da kowanne ya yi aiki, sauran jadawalai su riƙa nuni da lambar. In suna ya sauya, wuri ɗaya za a gyara. Ɗalibin da ya ga takardar kakansa ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane dalilin wannan ƙa'ida, kuma shi ya fi saurin gane haɗarinta: in aka ba mutum ɗaya lamba biyu, ko mutum biyu lamba ɗaya, duk lissafin da aka ɗora a kai ya karkace. Wannan matsala ce ta sa hukumar zaɓe ta ELECAM ta koma rajistar masu zaɓe da zanen yatsa daga 2012.

Da mabuɗi ake zuwa ga haɗa jadawali biyu, abin da ake rubutawa da kalmar JOIN. Kuseri a kan wannan aiki take cin abinci. Chadi ba ta da teku, mafi yawan kayanta ta tashar Duwala suke shigowa. Tun da layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, kaya kan hau jirgin ƙasa zuwa can, ko su taso a tirela tun daga bakin teku, su ratsa Garwa da Marwa da Mora da Waza har Kuseri, su haye gadar Ngeli da aka buɗe a 1985. Kayan da aka ce masu wucewa ne ba sa biyan kuɗin kwastan na Kamaru, saboda haka akwai riba babba ga wanda ya rubuta kaya a matsayin na Njamena sannan ya sauke su a hanya. Tambayar da ke gaban ma'aikacin kwastan a nan mai sauƙin faɗa ce: cikin kayan da aka rubuta sun bar Duwala, waɗanne ne ba a rubuta fitarsu a Kuseri ba? A zamanin takarda sai an jira kwafi ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 ya koma, a zauna ana gwada lamba da lamba. Kwastan ta Kamaru ta ɗauki manhajar SYDONIA a 2007, ta koma CAMCIS a 2020, kuma a ƙarƙashin duk wani tsari irin wannan akwai jadawalin shiga da jadawalin fita da ake haɗawa ta lambar takardar kaya. Abin lura shi ne amsar da ake nema tana cikin layukan da ba su sami abokin haɗi ba.

A nan ne darasin ya fi zurfi, kuma a nan ne rashin koyar da shi ya fi cutarwa. Haɗin da za mu duba iri biyu ne. Na farko yana fito da layukan da suka dace a ɓangarorin biyu kaɗai, ya zubar da saura ba tare da ya ce uffan ba. Na biyu, wanda ake rubutawa LEFT JOIN kuma ya shiga ƙa'idar SQL ta 1992, yana riƙe kowane layi na jadawalin farko ko da bai sami abokinsa ba, ya bar gurbin a matsayin NULL, ma'ana ba a sani ba. A ɗauki rajistar 'yan firamare ta wata makaranta a gundumar Logon da Shari, a haɗa ta da rajistar haihuwa ta ofishin magajin gari. Da haɗi na farko jerin zai fito tsaf, kowane yaro da takardar haihuwarsa, mai dubawa ya yi murna ya ce babu matsala. Da haɗi na biyu sai ga sunayen yaran da ke aji amma ba su da takarda, waɗanda in shekarar jarrabawar kammala firamare ta zo za a ce ba za su zauna ba sai kotu ta yi musu hukuncin maye gurbi. Wannan matsala sananniya ce a Arewa Mai Nisa, tana cikin dalilan da suka sa dokar 2011 ta gyara dokar rajistar jama'a ta 1981 ta kuma kafa hukumar rajistar jama'a ta BUNEC. Kalma ɗaya a cikin tambaya ita ke yanke hukunci ko a ga waɗannan yara ko su ɓace. Shi kansa NULL yana da nasa tarko. Ba sifili ba ne, kuma na'ura ba ta yarda cewa wani NULL daidai yake da wani, domin abu biyu da ba a sani ba ba a san ko ɗaya suke ba. Ɗalibar da ta ci 14 da 12 bisa 20, ciwo ya hana ta jarrabawa ta uku, in aka bar gurbin babu komai matsakaicinta 13 ne; in aka cike shi da sifili ya sauko ƙasa da 9, ta faɗi. Akawun Faransa, duk da laifuffukansa, ya fi wasu manhajoji gaskiya a wannan fanni, domin in bai san ranar haihuwar mutum ba yakan rubuta cewa an haife shi wajajen shekara kaza. Da aka zo zuba irin waɗannan takardu a na'urar da ba ta karɓar gurbi sai da rana da wata, mutane da yawa suka wayi gari ranar haihuwarsu 1 ga Janairu ce. Wanda ya tara rajistar wata-wata bai san wannan tarihi ba zai rantse cewa a Janairu aka fi haihuwa.

Sauran darussan suna da gida a yankin su ma. Tarawa rukuni-rukuni, wato GROUP BY, shi ne lissafin da kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, ke buƙata duk kaka: takin da maganin ƙwari da aka ba ƙungiyar manoma bashi da damina, a cire daga kuɗin audugar da ta kawo. Matsayin ɗalibi a aji, na ɗaya ko na ashirin, wanda ke kan kowace takardar sakamako a Kamaru, aikin abin da ake kira lissafin taga ne, da ya shiga ƙa'idar a 2003: kowane layi yana nan da sunansa, amma ana auna shi da maƙwabtansa. Tambaya mai kiran kanta, wadda ta shigo a 1999, ita ke bin tsani daga bulama zuwa lawan zuwa sultan, tsanin da dokar 1977 ta kasa masarautun Kamaru daraja uku a kansa. Ƙa'idar cewa ma'amala ko ta cika duka ko ta koma yadda take, ita ce dalilin da ya sa in mai awo a kasuwar Kuseri ya tura kuɗi ta waya layi ya katse, bai kamata kuɗin su bar asusunsa ba tare da sun isa wancan ba.

Ƙorafi na farko da za a yi shi ne na kayan aiki, kuma ba ƙarya ba ne. Shugaba Paul Biya ya buɗe cibiyoyin kwamfuta na farko a manyan sakandare biyu na Yawunde a 2001, daga baya darasin ya shiga manhaja, aka buɗe sashen fasahar bayanai na TI, rumbun bayanai da umarnin SQL suka shiga karatun ajin ƙarshe. Amma tsakanin manhaja da aji akwai tafiya. Wutar arewa ta dogara da madatsar Lagdo da aka gama a 1982, in ruwan Binuwai ya ja baya sai a koma rabon wuta, kuma makarantu da yawa ɗalibansu sun ninka kwamfutocinsu sau da dama. Mai wannan ƙorafi zai ce, wanda ke haddar umarni daga allo me zai yi da haɗin jadawali? Amsar ita ce haddar ce ke buƙatar na'ura kafin ta yi ma'ana, tunanin kuwa ba ya buƙata. Codd ya rubuta ƙa'idarsa a takarda kafin a gina manhajar da ke aiki da ita. Rajistar aji da jerin waɗanda suka biya kuɗin ƙungiyar iyaye sun isa a koyar da haɗi iri biyu da alli, ɗalibai su ga da idonsu sunayen da ke zubewa. Bayan haka, manhajar rumbun bayanai ta SQLite da Richard Hipp ya fitar a 2000 kyauta ce, tana cikin kowace wayar Android, kuma akwai ƙananan manhajoji da ke barin mutum ya rubuta mata tambaya ba tare da intanet ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne malamin da aka horar ya gina darasi a kan bayanan da ɗalibi ya sani.

Ƙorafi na biyu sabo ne: yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka faɗa wa buƙatarka da Faransanci su rubuta maka tambayar SQL cikin ƙiftawar ido, to me ya sa za a wahalar da yaro? Gaskiya ne sun rage wahalar rubutu, kuma haddar jerin kalmomi ta rage daraja. Amma tambayar da ba daidai ba ba ta yin ƙara. Tana gudana lafiya, ta fito da jadawali mai kyan gani da lamba a ƙasa. Na'urar da ke rubutawa ba ta san cewa Fort-Foureau da Kuseri gari ɗaya ne a wannan rumbu ba sai an gaya mata, ba ta san 1 ga Janairu cikon gurbi ne ba, ba ta san ko mai tambaya yana so a nuna masa yaran da ba su da takarda ba. Wanda zai duba ya ce wannan haɗin ya zubar da mutane, shi ne wanda ya koyi darasin. Sauƙin rubutu ya ƙara yawan tambayoyin da ake jefa wa rajistoci, saboda haka ya ƙara buƙatar masu iya tantance amsa.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi, kuma tarihin yankin yana bayansa. Haɗa rajista da rajista iko ne, kakannin da suka ɓoye 'ya'yansu daga akawu ba wawaye ba ne. A Fabrairun 2008 faɗan Njamena ya koro dubban mutane suka haye zuwa Kuseri. Daga 2013 sansanin Minawao kusa da Mokolo ya cika da 'yan Nijeriya da suka guje wa Boko Haram. A Disambar 2021 rikicin da ya taso a ƙasar Logon Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta da manoma Musgum ya iso cikin Kuseri, dubun-dubata suka tsallaka Chadi. Kowane irin wannan tashin hankali yana haifar da rajista: suna, ƙabila, ƙauyen asali, inda mutum yake kwana yanzu. Jadawalin da ke sa a raba abinci daidai, in ya faɗa hannun mai mugun nufi ya haɗa shi da wani, jerin farauta ya zama. Wannan hujja ba ta rushewa, sai dai ba ta kai ga abin da mai kawo ta ke so ba. Rajistocin suna nan ko an koyar da yaran Kuseri ko ba a koyar ba, ana kuma haɗa su a ofisoshin Yawunde da na ƙungiyoyin agaji. Hana ɗan yankin ilimin yana nufin wasu su ci gaba da yin tambaya a kansa, shi kuwa ba ya iya duba abin da suka yi. Kuma harshen kansa yana da babin kariya: ba da izini da janye shi, da gina taga da ke nuna wa ma'aikacin rabon abinci yawan mutanen gida ba tare da nuna ƙabilarsu ba. A Disambar 2024 Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane tare da sabuwar dokar rajistar jama'a, kuma doka irin wannan ba ta aiki sai akwai ma'aikata a ƙananan ofisoshi da suka san wane gurbi ne bai kamata kowa ya gani ba.

Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008 tare da babbar makarantar horar da malamai, ita ke fitar da da yawa daga malaman sakandaren yankin, jami'ar Garwa kuma ta biyo baya a 2022. Ga masu tsara horon malaman kwamfuta a waɗannan wurare, da sufetocin darasin a Arewa da Arewa Mai Nisa, kiran shi ne su sa haɗin da ke nuna layukan da ba su da aboki, da hukuncin NULL, da ba da izini, cikin abin da kowane ɗan ajin ƙarshe zai yi da hannunsa kafin ya zauna jarrabawar bakaloriya, kuma a yi shi da rajistar makarantarsu bayan an sauya sunayen yaran da lambobi.